Daga Gazawa zuwa Kano: Yadda banki ya karɓe KEDCO, da nauyin da aka ɗora wa masu ceto shi

A garin Gazawa na jihar Maraɗi ne babban layin wutar lantarki mai ƙarfin kilobolt 132 da ya taso daga Katsina yake sauka, kafin a raba wutar zuwa Maraɗi da Damagaram. Mutanen yankin sun san tasirin wannan layi tun watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wa Nijar wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a kuma maido ta ba sai a Maris ɗin 2024.

Waccan katsewa siyasa ce ta jawo ta. Akwai wata matsalar da ta girme ta, wato bashi. Kamfanin NIGELEC ba daga hannun kamfanonin rarraba wuta na Najeriya yake saye ba, amma daga rumbu ɗaya kowa ke ɗiba. Idan masu rarrabawa suka kasa biyan kuɗin wutar da aka ba su, masu samar da ita sai su kasa biyan kuɗin iskar gas, wutar da ke shiga rumbun ta ragu. Shi ya sa halin da KEDCO, mai rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, ya shiga ya shafi har mai walda a Agye.

A ranar 1 ga Nuwamban 2013 gwamnatin Najeriya ta miƙa akasarin kamfanonin rarraba wutarta ga 'yan kasuwa. Kamfanin Sahelian Power ne ya sayi kashi 60 cikin 100 na KEDCO a kan kimanin dala miliyan 137, gwamnati ta riƙe kashi 40. Yawancin waɗanda suka sayi irin waɗannan kamfanoni rance suka ci a bankuna, suka jinginar da hannayen jarin da suka saya. A lokacin dala ba ta wuce naira 160 ba. Kafin tsakiyar 2022 ta haura naira 400 a farashin gwamnati, alhali da naira masu shan wuta ke biya, wasu ma ba sa biya.

A farkon Yulin 2022, hukumar NERC mai kula da harkar lantarki da hukumar BPE mai sayar da kadarorin gwamnati suka sanar cewa bankin Fidelity ya karɓe hannayen jarin da aka jinginar masa a kamfanonin Kano da Benin da Kaduna. Aka rushe hukumar gudanarwar KEDCO, Hasan Tukur ya zama shugaban sabuwar, aka naɗa Ahmad Dangana manajan darakta na riƙo.

Wanda aka kira irin wannan aiki ba ya shiga ofis da sabon jari a hannu. Abin da yake fara yi shi ne gano inda kuɗi ke zurarewa: wutar da ke lalacewa a tsofaffin wayoyi da taransifoma, wadda ake sacewa ta bayan mita, da wadda aka rubuta takardar kuɗinta ba a karɓo ba, har da bashin ma'aikatun gwamnati. Sannan ya zauna da masu bin bashi a tsara biya, ya lallaɓa ƙungiyar ma'aikata, ya kuma fuskanci unguwannin da ke ƙin biyan kuɗin ƙiyasi saboda ba a saka musu mita ba. Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Mai shago a Sabon Gari ba zai so biyan wutar da bai gani ba, kamfanin kuma ba zai iya sayen mita da taransifoma da kuɗin da bai shigo ba.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, banki ba don ya sayar da wuta ya karɓi kamfanin ba. Kuɗinsa yake nema. Tun a sanarwar farko hukumomin sun ce za a sayar da hannayen jarin ga wasu masu ƙarfin jari, don haka aikin shugabannin riƙo shi ne kada kamfanin ya mutu kafin mai saye ya zo. A wannan ma'auni sun yi nasara: a ƙarshen 2023 kamfanin Future Energies Africa ya karɓi ragamar KEDCO.

Kaduna ba ta yi wannan sa'a ba. A Janairun 2024 NERC ta sake rushe hukumar gudanarwar kamfanin can saboda bashin kusan naira biliyan 110, ta ɗora Umar Hashidu a matsayin mai riƙo.

Ko a Kano, sauya masu kamfani bai sauya abin da ba ya hannunsu ba. A Afrilun 2024 aka ƙara wa 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alƙawarin wutar awa 20 a rana, kuɗi zuwa naira 225 kowane kilowat-awa, masu masana'antu suka yi ta kokawa. A Oktoban shekarar kuma lalacewar manyan layukan da ke kai wuta arewa, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna, ta jefa yankin cikin duhu na kwanaki. Duk ƙwarewar manaja, ba ya karɓar kuɗin wutar da ba ta iso ba.

A Nijar ma doka ta yi tanadin ceto kamfani kafin a kai ga gwanjon kayansa, ko da yake ta hannun kotu ake bi. Dokar ƙungiyar OHADA mai ƙasashe 17, wadda aka sabunta a 2015, ta ba ɗan kasuwar da ya hango matsala damar neman kotu ta naɗa mai sasantawa tsakaninsa da masu binsa bashi, cikin sirri. Idan ya riga ya kasa biya, yana da kwana 30 ya sanar da kotu, ita kuma ta duba ko za a iya farfaɗo da harkar a ƙarƙashin wakilin da za ta naɗa. An kuma sauƙaƙa matakan ga ƙananan kamfanoni, waɗanda ma'aikatansu ba su wuce 20 ba, cinikinsu na shekara bai haura sefa miliyan 50 ba. Masu injin niƙa da masu matsar man gyaɗa na Gazawa da Gidan Rumji da ke da rajista, galibinsu a wannan aji suke.