Tsohon Kwabo Mai Huji: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

A Gusau da Tsafe da Bungudu, gidaje da yawa ba su rasa anini ko kwabo mai huji da wata kaka ta ɓoye a ƙasan adaka. Yanzu magana ta bazu a WhatsApp da majalisun bakin titi cewa waɗannan kuɗaɗe dukiya ce ta miliyoyi, wai akwai zaiba a cikinsu, wai Turawa na nemansu ruwa a jallo. Mai son fara tara tsofaffin kuɗi sai ya rarrabe tambayoyi uku da jita-jitar ta cakuɗa: kuɗin tsoho ne, na gaske ne, kuma irinsa ya yi ƙaranci? Kowace da amsarta, kuma duka a jikin kuɗin ake karanta su, ba a bakin dillali ba.

Batun tsufa gaskiya ne. A 1907 aka fara buga kwabo da anini masu huji, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, shekarar da ta biyo baya sule mai hoton kwakwar manja ya fito. Nijeriya ta soma nata kuɗin a 1959, naira ta zo a 1973. Sai dai tsufa ba ya nufin ƙaranci. Layin dogo da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, kuma da waɗannan kuɗaɗe aka yi ta sayen gyaɗa da auduga, da su talaka ya biya haraji. Abin da aka buga miliyoyi domin cefanen yau da gobe ba zai zama abin nema da fitila ba. Hatta kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga sarautar Ingila bai cika shekara ba, an buga shi da yawan gaske, don haka na gaskensa ma ba shi da tsada.

Zancen zaiba kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Aninin farko da alminiyam aka yi shi, sannan aka koma haɗin jan ƙarfe da nikel. Sule na azurfa ne har zuwa 1920, daga nan aka mai da shi tagulla. Zaiba ruwa ce mai gudu, guba ce kuma, ba ta zama cikin kuɗin da aka danna da inji. Duk wanda ya ce a fasa kwabo ko a ƙona shi don a fitar da ita, asara kawai zai jawo. Haka kuma shekarar da ke jikin kuɗi tana iya ruɗar mutum. Liyarin azurfa mai hoton Mariya Tariza ta Ostiriya, wanda fatake suka shigo da shi ƙasar Hausa mata suka riƙa ado da shi, kusan duk wanda za a gani 1780 ce a jikinsa, shekarar rasuwarta. An ci gaba da buga shi da wannan shekarar a Landan da Rum da Faris da Bombai, har yau ma ana buga shi a Biyana. Na gaske ne, amma darajarsa ta azurfarsa ce.

Wani zai ce, tunda yawancinsu masu araha ne, wa zai ɓata lokacinsa yana yin jabu? Ai tun zamanin Turawa ake yi. Jabun sule ya yi yawa har a 1938 aka fito da sabo mai kwari a gefensa don a gagari masu zubi. Gwajin bai fi ƙarfin kowa ba. Sikelin masu sayen zinari a Gusau ya isa: liyari giram 28 ne da ɗan ɗoriya, sulen azurfa kuwa giram 5.66, sai ɗan abin da yawo a hannu ya cinye. A duba gefe da tabarau mai ƙara girma. Kuɗin da aka zuba a maƙera yakan bar layin haɗi, da ƙananan ramuka, da haruffa masu kumburi marasa kaifi. Idan maganaɗisu ya kama shi, jabu ne, amma rashin kamawa ba shaida ba ce, domin dalma ma ba ta kamuwa.

Wani kuma zai nuna hoton gwanjo a ƙasar waje inda kwabo ya yi kuɗi mai tsoka. Wannan ma yana faruwa, amma ga wasu shekaru ƙalilan, da ɗan harafin H ko KN na masana'antun Bamingam, da kuɗin da bai taɓa yawo ba. Shi ya sa goge shi da toka ko lemon tsami ɓarna ce, don masu saye fuskarsa ta asali suke biya. Mai saye na gaskiya kuma ba ya neman kuɗin rajista ko na gwaji kafin ciniki.

Mai farawa ya soma da masu araha, ya rubuta shekara da nauyi da inda ya samo kowane, ya gwada su da waɗanda ke gidan tarihin kuɗi na Babban Bankin Nijeriya a Abuja in ya sami hali. Idon da ya saba da na gaske ɗari ba a cika sayar masa da jabu ba.