Doki da Hunturu a Ƙasar Urafane

Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan iskar arewa maso gabas ta sauko daga Sahara ta lulluɓe Urafane da ƙauyukan Tasawa da Mayahi da hazo, mai doki yakan shiga damuwa. Sai ya ja ingarmansa cikin barga, ya yafa masa tsohon bargo, wani har ya hura wuta kusa da turke. Tausayi ne, amma ya sauka inda ba a buƙatarsa. Sanyin asubar da ke sa mutum karkarwa bai kai ya razana doki ba, domin ƴan uwansa a Mongoliya cikin ƙanƙara suke kwana, suna tonon ciyawa da kofato. Abin da ke kayar da doki a hunturu shi ne ƙura, da yunwar dare, da ƙishirwa, da tsayuwa wuri ɗaya.

Sirrin yana cikin cikinsa. Tumbin doki ƙarami ne, an halicce shi ya yini yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan. A babban hanjinsa ƙwayoyin halitta ke narkar da busasshen abinci, aikin nan kuwa zafi yake fitarwa. Ke nan damin harawa da aka zuba masa bayan isha'i ya fi kowane bargo ɗumi. Gero da dusa suna ƙara ƙarfi, amma ba sa maye gurbin harawar wake ko ta gyaɗa, wadda mai hankali ke ɗorawa a rumfa tun kaka, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ruwa ma haka: da sanyi doki yakan rage sha, busasshen abinci ya cushe masa hanji, ciwon ciki ya biyo baya. Shi ya sa dabarar magabata ta jiƙa kanwa a ƙasari take da tushe, gishirinta na jawo ƙishirwa. Rufaffiyar barga kuma, ga hayaƙi ga ƙurar harawa, ita ce uwar tari. Gara a sake shi da hantsi cikin gonakin da aka girbe, ya taka, ya yi birgima, ya sha rana.

Masu ja da wannan suna da hujja. Da hukuma ta buɗe gonaki bayan girbi, garken makiyaya kan gangaro daga arewa, dabbobi su cakuɗu a bakin rijiya, kuma ba a manta da murar da ta karkashe jakuna a Sakkwato da Nijar daga ƙarshen 2018 zuwa 2019 ba. Ga ɓarayi, ga ingarmu da ba sa ga maciji da juna. Wasu kuma suna ganin dabbar da sarakunan Maraɗi da Tasawa suka yi yaƙi a kanta, wadda ake rataya wa laya don tsoron baki, ta fi ƙarfin yawon gona tamkar jaki. Sai dai duk wannan kira ne ga tsaro, ba ga kulle ba. Dabaibayi, da yaro mai lura, da kwarya ta daban don shayarwa sun toshe yawancin ƙofofin nan. Inda sakin bai yiwu ba, kilisa ta kullum ta wajaba.

Akwai waɗanda suka cancanci bargo: dukushi, tsohuwar goɗiya, ramamme, da wanda ya dawo sukuwa da gumi iska na kaɗawa. Su ma zana a gefen da iska ke fitowa ta fi rufaffen ɗaki. An ce dokin mai baki ya fi gudu, amma ranar hawan salla haƙarƙari da numfashi ne ke faɗin yadda aka yi hunturu.