GARIN DA KE CIN ABINCI DA FAƊAN RABIN MINTI

Duk wanda ya taɓa shiga silima a Ikko ko Badun ya kalli fim ɗin kaboyi, ya san yadda mazaje ke tsayuwa a tsakar titi, kowa hannunsa a kan bindiga. To, akwai wani ɗan gari a hamadar Jihar Arizona ta Amurka inda har gobe ake wannan tsayuwa, amma da wasa. Sunan garin Tombstone, watau dutsen kabari.

Asalin garin shi ne wani mai neman ma'adinai, Ed Schieffelin, ya tono azurfa a wurin cikin 1877, bayan sojoji sun gaya masa ba abin da zai samu a dajin nan sai kabarinsa. A 1879 aka kafa gari, mutane suka yi ta kwarara, da na kirki da 'yan iska.

Da rigima ta yi yawa sai hukumar garin ta kafa dokar hana yawo da makami a cikin gari. Ran 26 ga Oktoba, 1881, shugaban 'yan sandan garin, Virgil Earp, tare da 'yan'uwansa Wyatt da Morgan da abokinsu Doc Holliday, suka tafi karɓe bindigogin wasu makiyaya kusa da garken dawaki na O.K. Corral. Cikin kamar rabin minti aka yi harbi wajen talatin. Billy Clanton da Tom McLaury da ɗan'uwansa Frank suka mutu, Virgil da Morgan suka sami rauni.

Daga baya ruwa ya cika ramukan azurfa, arziki ya ƙare, jama'a suka watse. A 1929 waɗanda suka rage suka fara bikin Helldorado don jawo baƙi, kuma har yanzu ana yinsa kowane Oktoba. Tun shekarun 1940 kuma aka kafa ƙungiyar 'yan sa kai mai suna Tombstone Vigilantes. Ba albashi ake ba su ba. Sukan sa malafa da dogayen takalma irin na da, su fito titin Allen su yi ta ɓarin wuta da harsashi mai albarushi kaɗai, ƙara da hayaƙi ba kisa. Kuɗin da 'yan kallo suka bayar kuwa a zuba shi a ayyukan taimakon jama'a. Garin da mutanensa ba su wuce 1,300 da 'yan kai ba, da baƙin nan yake rayuwa.

Amma bindiga ba ta san wasa ba. A bikin Oktoba na 2015 wani ɗan wasa ya zo a makare, ba a duba bindigarsa ba, ashe harsashin gaske ne a ciki. Ya harbi abokin wasansa, aka kai shi asibiti, wata 'yar kallo ma ta sami ɗan rauni. Allah ya kiyaye ba wanda ya mutu. Nan da nan magajin gari ya dakatar da wasan harbi a kan titi har sai da aka tsara dokar duba kowace bindiga kafin a fara.

Abin lura a nan shi ne, faɗan 1881 wajen hana ɗaukar makami ya tashi, ga shi bayan shekara 134 hukumar garin ta sake komawa kan binciken bindiga. Rigakafi dai ya fi magani.