Talabijin na Jihar Legas da Hausawan da ke Zaune a Kusa da Shi

A unguwar Agidingbi da ke Ikeja, tafiya kaɗan daga Agege inda Hausawa suka daɗe da kafa zango, akwai harabar gidan talabijin na Jihar Legas, wanda aka fi sani da LTV, a kan titin da ke ɗauke da sunan wanda ya kafa shi, wato Alhaji Lateef Jakande. Gida ne na gwamnatin jiha, ma'ana da kuɗin baitulmalin jihar aka gina shi, gwamna ne ke naɗa shugabanninsa, kuma an kafa shi ne domin ya yi wa mazauna jihar hidima, saɓanin gidajen 'yan kasuwa waɗanda riba ce ke juya akalarsu.

Tun asali talabijin a Najeriya daga yankuna ya taso, kuma siyasa ce ta haife shi. Gwamnatin Yankin Yamma a ƙarƙashin Cif Obafemi Awolowo ce ta buɗe tashar farko a Ibadan ranar 31 ga Oktoba, 1959, sannan Yankin Gabas ya bi sahu a Enugu a 1960, Arewa kuma ta buɗe nata a Kaduna a 1962 a zamanin Sardauna Ahmadu Bello. A 1977 gwamnatin soja ta haɗe dukkan tashoshin ƙasar a ƙarƙashin hukuma guda, wadda ita ce NTA ta yau, don haka babu jihar da ta rage da bakin magana na kanta a akwatin talabijin, har sai da tsarin mulkin 1979 ya sake buɗe wa jihohi ƙofa.

Jakande, wanda gogaggen ɗan jarida ne kafin ya hau kujerar gwamna a 1979, bai yi sanya ba wajen shiga wannan ƙofa, kuma dalilinsa a fili yake: shi ɗan jam'iyyar UPN ne, gwamnatin tarayya kuwa tana hannun NPN ta Shugaba Shehu Shagari, alhali Legas ce babban birnin ƙasa a lokacin, ga kuma NTA a hannun abokan hamayya. Tashar ta fara watsa shirye-shirye a watan Nuwamba na 1980 a kan layi na 8, abin da ya sa har yau tsofaffin mazauna Legas ke kiran ta LTV 8, ko da yake daga baya an mayar da ita layi na 35 na zangon UHF, wato rukunin igiyoyin iska da aka bar wa jihohi bayan an keɓe wa tarayya zangon VHF. Bakano ba zai ji wannan labari baƙo ba, domin irin wannan dalili ne ya sa Gwamna Abubakar Rimi na PRP ya kafa CTV 67, wadda yanzu ake kira ARTV. A 1985 gobara ta cinye ɗakunan shirye-shiryen LTV, ta haɗa da kayan tarihi masu yawa, amma tashar ta farfaɗo, kuma ta yi suna da watsa shirye-shirye dare da rana a ƙarshen mako a zamanin da sauran tashoshi ke rufewa kafin tsakar dare.

Amfanin irin wannan tasha yana cikin ƙananan al'amuran da manyan tashoshi ba su da lokacinsu: wace hanya za a rufe saboda gyara, wace kasuwa hukumar tsafta ta garƙame, yaushe za a yi rigakafin yara, wace doka majalisar jiha ta zartar. Waɗannan kuwa su ne ainihin abubuwan da suka shafi abincin Bahaushen Legas, ko mahaucin mayankar Oko-Oba ne, ko dillalin tumatir da albasa a Mile 12, ko direban tankar mai da ke kwana a layi a hanyar tashar jiragen ruwa ta Apapa. Lokacin da gwamnatin jiha ta haramta acaba a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni, 2022, har da Apapa da Ikeja, 'yan Arewa na cikin waɗanda hukuncin ya fi shafa, kuma da dama daga cikinsu a bakin abokan sana'a suka fara jin labarin, tare da ƙarin gishirin da jita-jita ba ta rabuwa da shi.

A nan ne giɓin yake. Turanci da Yarabanci ne ginshiƙan shirye-shiryen LTV, shi kuwa wanda ya zauna a teburin mai shayi a Agege da daddare zai tarar akwatin da ke rataye a jikin rumfa yana kan Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ko kan ƙwallon Ingila, ga rediyo a gefe ana jiran labaran BBC Hausa. Sakamakon haka mutum yakan san abin da ya faru a Gusau ko Maiduguri kafin ya san abin da aka yanke a Alausa, fadar gwamnatin jihar da yake biyan haraji a cikinta, wadda ba ta da nisa da ƙofar gidansa. Hausawan nan kuwa ba baƙin jiya ba ne, domin fataucin goro da shanu ne ya kawo kakanninsu, jirgin ƙasa da ya haɗa Legas da Kano a farkon ƙarni na 20 ya ƙara yawansu, har aka sami zuri'ar da a Agege aka yanke cibiyarta, tana jin Yarabanci kamar Hausa.

Akwai kuma tsohon zargin da ke bin duk tashoshin jihohi, daga Legas har Kano, cewa bakin gwamna ne kawai, labaransu daga buɗe aiki sai ziyarar uwargidan gwamna. Zargin yana da ƙamshin gaskiya, kuma ya ƙara nauyi tun bayan dokar 1992 da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, inda Channels da AIT suka janye masu kallo da yawa, kafin wayar hannu ta zo ta janye saura.

Duk da haka, a gari irin Legas da aka taɓa ganin rikicin ƙabilanci a Idi-Araba a 2002 da Mile 12 a 2016, tashar da ke iya isar da sahihiyar sanarwa cikin harshen da kowane ɓangare yake ji tana da aikin da ba wanda zai yi mata. Ya kamata sarakunan Hausawan Legas da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa su nemi a ware wa Hausa tsayayyen lokaci na labaran jihar a kowace rana, su kuma tallafa masa da tallace-tallacensu, tun da da harajinsu ake tafiyar da gidan.