Inshorar Gida da Ruwan Agusta a Sakkwato

Har yau akwai masu cewa Sakkwato ƙasar rana ce da ƙura, me ya haɗa ta da ambaliya? Mai wannan magana ya manta da watan Satumba na 2010, lokacin da gulbin Rima ya sauko daga wajen madatsar Goronyo ya shafe ƙauyuka da gonaki, ya yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ruwan saman da garin ke samu a shekara bai da yawa, wajen milimita 600 zuwa 700 ne, amma kusan dukkansa cikin wata huɗu yake zuba. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadarai masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. A unguwa mai cunkoso ma ba sai gulbi ya zo ba. Kwata ta cika da leda da yashi, a yi ruwan awa biyu kamar da bakin ƙwarya, sai ga shi a zaure yana cin gindin katanga.

To wa zai biya ginin? A nan ne nake so mai karatu ya zauna sosai, domin duk sirrin inshora yana cikin bambancin gobara da ambaliya.

A ɗauka gida dubu ne suka sa kuɗi a asusu ɗaya. Gobara a gidajen zama takan kama biyu ko uku a shekara, sauran kuwa suna lafiya, kuɗinsu ya ɗauke wa waɗancan nauyi. Kamar adashi ne: yana tafiya muddin kowa na jiran ranar kwasarsa, amma ranar da kowa ya ce yau yake so, uwar adashi ta shiga uku. Ambaliya ita ce wannan ranar. Dare ɗaya take shiga gida ɗari uku, kuma maƙwabcin da ya saba kawo gudummawa shi ma yana kwashe ruwa daga ɗakinsa da bokiti. Ga wani abin kuma: mutumin da ke kan tudu ya san ruwa ba zai same shi ba, don haka ba ya saye. Na kwari kaɗai ke zuwa, asusun ya cika da waɗanda tabbas za su nemi diyya. Maganin abin shi ne faɗi. Asusun da ya haɗa gidan Sakkwato da na Legas da na Nairobi ba ya karyewa, don ruwa ba ya cin su rana ɗaya. Aikin da kamfani irin Africa Re, wanda aka kafa a 1976 yake kuma da hedikwata a Legas, ke yi ke nan: shi ne mai yi wa kamfanonin inshora inshora.

Ko a ƙasashe masu arziki lissafin na gagara. Tun 1968 gwamnatin Amurka ta karɓi inshorar ambaliya a hannunta saboda 'yan kasuwa sun guje ta. A 2023 kamfanin State Farm ya daina karɓar sababbin gidaje a Kalifoniya, gobarar daji na cikin dalilansa. Birtaniya ta kafa asusun inshorar ambaliya mai suna Flood Re a 2016, amma ta ce gidan da aka gina daga 2009 ba ya ciki, don kada a ci gaba da gini a hanyar ruwa.

Mu namu daban ne. Can kamfanoni ke gudu, nan ba su taɓa isowa ƙofar talaka ba. Duk kuɗin inshorar Najeriya bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara ba. Dokar inshora ta 2003 ta wajabta ta a kan gine-ginen da jama'a ke shiga da dogayen benayen da ake kan ginawa, an kuma sabunta dokar a 2025, amma je ka tambayi masu haya ko sun taɓa ganin takardar. Gidan ƙasa kuwa, mai azara da indararo, wanda ya fi kowane rushewa idan ya sha ruwa, shi ne kamfani ya fi ƙyama.

Sai maganar da ta fi gajiyar da ni: wai inshora jayayya ce da ƙaddara. Mutumin da ke faɗin haka shi ne ke yaɓe soronsa kafin damina, yana kuma sa wa shagonsa kwaɗo! Matsalar da malamai suka gani ba ta ƙaddara ba ce, ta riba ce da rashin tabbas a cikin ciniki. Majalisar fiƙihu ta Jidda a 1985 ta haramta inshorar kasuwanci, a zama ɗaya kuma ta halatta ta taimakekeniya. Fiƙihunmu na Malikiyya ma ya san dangi su haɗu su biya diyyar kisan kuskure. Sudan ta buɗe kamfanin takaful, wato inshorar taimakekeniya, na farko a 1979, hukumar kula da inshora ta Najeriya, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma Jaiz Takaful da Noor Takaful na aiki a ƙasar nan. A takaful abin da ka zuba kyauta ce ga asusun jama'a, rarar da ta saura kuma ana iya raba wa mahalarta. Sai dai halaccinsa bai kuɓutar da shi daga lissafin ɗazu ba. Asusun da 'yan unguwa ɗaya kaɗai suka tara, ruwa ɗaya zai cinye shi.

Wanda ya yanke shawarar saye, ya sa a karanta masa takardar. Ta gobara zalla ba ta biyan ɓarnar ruwa, sai an rubuta ambaliya da guguwa a cikin ƙarin haɗurra, da ƙarin kuɗi. Ya kuma riƙa sabunta ƙimar gidan duk shekara bisa farashin siminti da kwano na yanzu, domin idan ya rubuta rabin abin da zai sake gina gidan, rabin asararsa za a biya shi.