Gidan Kamara da Wayar Hannu: Ina Bambancinsu?

Tun shekarar 1999, lokacin da aka fara shirin Big Brother a ƙasar Holan, inda aka killace mutane a gida guda, aka kewaye su da kamarori dare da rana, masu kallo kuma suna zaɓen wanda za a sallama, jama'a suka ɗanɗana zaƙin leƙen rayuwar wasu, har shirin ya iso Nijeriya a 2006. Sai dai ma'abocin hankali ya san cewa abin da talabijin ke nunawa, ko da an kira shi na zahiri, ya bi ta hannun masu shiryawa, waɗanda ke tace 'yan takara, su tsara wasanni, kana su tsamo husuma da soyayya daga yini guda.

Da aka buɗe YouTube a 2005, Instagram da TikTok suka biyo baya, sai kamara ta koma hannun mai rayuwar. Matar da ta jingina wayarta da kwalbar manja tana tuƙa tuwo, ita ce 'yar wasa, ita ce mai tacewa, domin ta share madafi kafin ta danna, kuma in miya ta ƙone ba za ta ɗora ba. Lissafin waɗannan kamfanoni ne ke tantance wanda zai gan ta, talla kuma ke biyan ta.

Babban bambancin shi ne wa'adi da yarjejeniya: ɗan takara ya sa hannu, bayan makonni ya koma gida, mai waya kuwa gidansa ne dandalin, kuma 'ya'yansa sukan shiga hoto ba tare da an nemi izininsu ba.