Tsimammen Abinci: Hanyar Rage Tsadar Kiwon Kaji Da Dabbobi

Kamar yadda kowane mai kiwo ya sani, abinci shi ne ke cinye mafi yawan jarinsa. A kiwon kaji, kuɗin abinci yakan kai kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na dukkan abin da ake kashewa. Wannan ne ya sa ma'aikata da yawa masu ajiye kaji ko tumaki a bayan gida, domin tallafa wa albashi, sukan daina bayan ɗan lokaci. To, akwai wata hanya mai sauƙi ta rage wannan nauyi, watau tsima abincin kafin a ba su.

Hanyar ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Ita ce matan gida ke bi in sun jiƙa gero har ya yi tsami za su yi kamu. Wasu ƙwayoyin halitta masu amfani, waɗanda ido ba ya gani, su ke cin sukarin da ke cikin hatsin, su mayar da shi tsami. Wannan tsami yana hana miyagun ƙwayoyin cuta yaɗuwa, irin su salmonela mai sa kaji zawo. Bugu da ƙari, yana warware wani sinadari da ke cikin dusa wanda ke hana jikin kaza amfana da abubuwan gina ƙashi da ɓawon ƙwai. Haka nan ɓawon rogo, wanda ke ɗauke da guba in yana ɗanye, gubarsa takan ragu ƙwarai in an tsima shi an shanya.

Masana sun ƙara mayar da hankali ga wannan hanya tun 2006, lokacin da Tarayyar Turai ta haramta zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta cikin abincin dabbobi don su yi saurin girma.

Mai kaji zai zuba dusa ko ɓarzajjen hatsi cikin bokitin roba, ya ƙara ruwa mai tsabta har ya sha kansa, ya rufe, yana motsawa kullum. Bayan kwana 2 ko 3 zai ji ƙanshin tsami irin na kamu. Sai ya tsane ruwan, ya ba kaji gwargwadon abin da za su cinye nan take.

Ga masu shanu da tumaki kuwa, amfanin ya fi bayyana da rani, sa'ad da ciyawa ta bushe, dabbobi suka rame, nono ya ragu. Ana yanke masara ko dawa da ɗanyen karanta kafin ƙwayar ta ƙosa, a daddatsa, a zuba cikin rami, a tattake sosai, a rufe da leda da ƙasa don kada iska ta shiga. Bayan kamar mako 6 abincin ya tsimu, kuma zai yi watanni bai lalace ba. Mai neman ƙarin bayani yana iya tuntuɓar malaman gona, ko Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, kusa da Zariya.

Sai dai fa a yi hattara. Tsimi ba ya gyara hatsin da ya riga ya yi hunhuna, kuma duk abincin da ya yi wari ko ya yi baƙi, a zubar da shi. Kyakkyawar shawara ita ce mai kiwo ya fara gwadawa da kaji kaɗan, ya ga yadda suka karɓa, kana ya faɗaɗa.